Karfasar Garkar Yaya

Shekarar da na aje alli ban san inda zan sa kaina ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a lekwal, daga ƙauyukan Dungas har na ƙare a Magariya, kuma kullum akwai inda ake jirana da safe. Rana ɗaya abokan aiki suka yi mini walima, suka ba ni darduma da buta, washegari na tashi babu mai jirana. Wata biyu na yi ina zaman ƙofar gida ina gaida masu wucewa, har maiɗakina ta ce da ni, "Malam, ko za ka je wajen Yaya ka ɗan ga garka? Zaman nan ya fara sa ka faɗa da kaji."

Yayan nawa yana ƙauyenmu kusa da Waca, a bakin fadama. Shi bai shiga lekwal ba. Manomi ne, mai rake da rogo da albasa, kuma da ƙuruciyarsa ya yi su, wato kamun kifi, a tafkunan yankinmu. Tun ranar da na fara koyarwa bai ƙara kiran sunana ba, sai dai Mushe, yadda ake kiran malaman lekwal a wajenmu, kuma har yau ban rabe ba ko girmamawa ce ko tsokana.

A gidan wani abokin aikina a Magariya na taɓa ganin kifi cikin kududdufin da ya haƙa a bayan gida, abin ya tsaya mini a rai. Na kwana biyu a ƙauye sai na kawo wa Yaya maganar. Ya zagaya da ni garkar, ya tsaya a gefen da ya fi kusa da rijiya.

"Nan ne laka take, nan ne zai riƙe ruwa," in ji shi. "Nan ne kuma ya fi ba ni rake mai zaƙi. Amma ka ce kifi, to, kifi."

Muka yi gayya aka haƙa kududdufin, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum a tsakiya. Muka cika shi da injin ban ruwa. Ƴaƴan karfasa na samo wajen wani mai kiwonsu can wajen iyaka, aka ɗauko su a kabu-kabu cikin bido biyu, wato jarkoki, da aka yanke wa baki. Sun kai ɗari biyar, kowanne bai fi ganyen magarya ba. Da muka juye su a ruwa suka watse suka ɓace, Yaya ya ce, "To, Mushe, ga ajinka nan."

Abincinsu dusar hatsi ce da tunkuza da ɗan garin busasshen kifi, mu haɗa a kwano mu watsa. Babu wanda ya faɗa mini lokacin ba su, ni ma ban tambaya ba. In na iso da safe in watsa. In na gama shan fura in watsa. In baƙo ya shigo garka kuwa dole ne, domin babu abin da ya fi yi mini daɗi irin in ga ruwan ya ɗauki motsi, baƙon yana ta "Masha Allahu". A ganina wanda ya ci da yawa shi zai girma da wuri.

Ba su girma da wurin ba. Wata biyu suka wuce, in na kamo ɗaya da komar kamun kifi bai fi faɗin yatsu biyu ba. Yaya ya ce in ƙyale su, kifi yana da ranarsa. Ni kuwa kullum na dubi raken maƙwabta yana tashi sai in ji nauyi, domin ni na sa ya tuge nasa.

Ran wata kasuwar Waca na tsaya wajen wani Babarbare mai sayar da kanwa, wanda muka saba tun ina koyarwa. A gefen buhunansa na ga wasu ɓarɓashi kore shar har suna baƙi-baƙi, kamar ƙanzon tuwo. Na tambaye shi mene ne. Ya ce gansakuka ce, amma ba irin ta bakin rijiya ba. Matan can gabas wajen tafkin Cadi ne suke kwashe ta a saman ruwan kanwa, su shanya a kan yashi, su riƙa sawa a miya. Ya ce ya ji masu kiwon kifi ma suna haɗa ta cikin abinci, kifi ya yi ƙarfi ya yi saurin girma. Nan na tuna na taɓa jin wani likita yana maganar irinta, wadda suke kira sifirilin, wai ana ba yara masu tamowa. Na ɗauko tiya biyu na nufi garka, ina jin kamar na tsinci dami a kala.

Yaya ya ɗauki guntu, ya sansana, ya aje.

"Abin da ban sani ba, ba na ba dabba," ya ce. "Kai ma kada ka ba su."

Na ce to. Amma da ya tafi gonar tudu sai na ari turmi na daka ta, na riƙa haɗawa cikin dusar, kusan rabi da rabi. Ranar farko kifayen suka taso, suka ɗan tsakura, suka koma. Na ce baƙon abu ne, sai sun saba, na ƙara. Garin ya yi laushi ƙwarai, wani ya bazu a saman ruwa, wani ya nutse. Kwana biyar ina haka, Yaya bai sani ba. Lokacin tsakiyar bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, kwana biyun ƙarshe kuma hadari ya haɗu ya ƙi zuba, ko ganye ba ya motsi.

Ranar ta shida muka fito daga sallar asuba, Yaya ya wuce garka, ni na tsaya gaisawa da mutane. Ban gama ba sai ga shi ya dawo da sauri, abin da ban taɓa gani ba ga mutumin da ko gobara ba ta sa shi gudu.

"Mushe, taso."

Tun kafin mu isa na ji warin, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kifayen gaba ɗaya sun taso saman ruwa, bakuna a sama, suna buɗewa suna rufewa. Na tafa hannu, ko ɗaya bai nutse ba. A gefe-gefe wasu sun juya farin ciki. Muka tsame matattun muka jera a kan ciyawa, goma sha bakwai, kuma manyan cikinsu ne.

Na tabbata a raina guba na ba su. Na ce, "Yaya, ni ne. Koren garin nan da ka hana, kwana biyar ke nan ina sa musu."

Ya dube ni. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi. Ya je ya tada injin ban ruwa, ya riƙe bakin tiyo ya danne da babban yatsa, ruwan ya riƙa tashi sama yana sauka a kududdufin kamar yayyafi. Sai da ya jima a haka sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A tafki in kifi ya yi haka, iska yake nema. Ko gubar ce, bari su mutu suna numfashi."

Na koma gefe na kira maiɗakina a waya, ban ma san me nake so ta yi mini ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, bar kiran innalillahi haka nan, tsaya. Maƙwabciyarmu tana da ƴa a ma'aikatar ruwa da dazuzzuka, kifi ne aikinta. Bari in shiga gidan."

Kafin azahar sai ga moto ya tsaya a bakin garka. Wata mata ta sauko, ba za ta wuce shekara talatin ba, da takalmin roba a rataye. Ta gaida Yaya, ta juyo wajena ta durƙusa.

"Mushe, ba ka gane ni ba ko? Ka koyar da ni a Dungas, aji huɗu. Ni ce ta bakin taga, mai ciwon ido."

Ban gane ta ba, kuma ban ɓoye mata ba. Ta yi dariya ta ce ba laifi, mun yi yawa. Lokacin rana ta take, kifayen sun ɗan nutse, amma ni hankalina bai kwanta ba. Na kawo mata sauran garin a kwano, na faɗa mata komi, kamar mai laifi a gaban alƙali.

Ta sansana garin, ta lakata a yatsa ta sa a harshe. Ta ɗauki ɗaya daga matattun kifin, ta ɗaga murfin kunnensa ta duba, ta tsaga cikin da wuƙar Yaya. Sannan ta ce, "Baba, a ɗaura mini ƙwarya a bakin gora, a ɗebo mini ƙasan ruwan nan, daidai inda ake watsa abinci."

Yaya ya ɗebo. Abin da ya fito ba laka ba ce. Dusa ce baƙa ƙirin, ta ruɓe tana kumfa, warin ya sa dukanmu muka kau da kai.

"Mushe, sau nawa kake ba su abinci a rana?"

Yaya ne ya amsa mata. "Jiya sau shida. Ban da wanda ya ba su da liman ya zo."

Ta zauna a kan kututturen dabino ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce duk abincin da kifi bai ci ba yana sauka ƙasa ya ruɓe, ruɓewar kuma tana shanye iskar da ke cikin ruwa. Ragowar tana zama taki, koren ruwa ya yi kauri fiye da kima. Shi koren ruwa da rana yana ba da iska, amma in rana ta faɗi shi ma sha yake yi, saboda haka kafin gari ya waye iskar ta ƙare. Ga zafi, ga hadari ya rufe rana kwana biyu. Abin da ya kashe su ke nan.

"To, garin fa?" na tambaya. "Ba guba ba ne?"

"Na lasa a gabanka, Mushe. Abinci ne mai kyau ƙwarai, da ina samunsa kullum da na sa duk masu kiwo sun yi amfani da shi. Amma da cokali ake sa shi, ba da tafin hannu ba. Ka cika shi, sun ƙi ci, ya bi sauran dusar zuwa ƙasa. Ko ba ka kawo shi ba, da yadda kake watsa abincin nan, wannan ranar tana tafe."

Har yau ina tuna yadda na ji a lokacin. Laifin dai nawa ne, bai canja ba, amma laifi ne mai gyaruwa, kuma sauran kifayen ba ɗauke suke da ajalinsu a ciki ba. Na sauke numfashi, na zauna a ƙasa daɓas. Sai a sannan na lura ban karya kumallo ba.

Ta ce in kawo takarda. Na ɗauko kaye, ɗan littafin rubutun da nake yawo da shi a aljihu, ta riƙa faɗa ina rubutawa. A zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, daga ƙasa, a zuba sabo. A yi kwana biyu cur ba a ba su komi ba.

"Kwana biyu? Ba za su mutu da yunwa ba?"

"Ban taɓa ganin kifin da yunwar kwana biyu ta kashe ba. Wanda ƙoshi ya kashe kuwa, ga su nan a kan ciyawa."

Bayan haka sau biyu a rana, in ji ta. Na farko da hantsi, in rana ta hau ruwan ya samu iska, ba da sassafe ba. Na biyu bayan la'asar, tun da sauran rana. Wuri ɗaya kullum. A watsa kaɗan-kaɗan, a tsaya ana kallo, in sun fara sanyi a daina, ko da akwai saura a kwano. Ranar da hadari ya rufe, ko aka tarar da su a sama da safe, a rage rabi ko a fasa. Koren garin kuma cokali biyu a tiya guda, a tankaɗe shi saboda yashi, a kwaɓa da ɗan kunun rogo ya kama jikinsa, kada a ƙara watsa gari tsura. Ta nuna mana yadda ake gwada ruwa: mutum ya zura hannu har gwiwar hannu, in yana hangen tafinsa dishi-dishi, koren ya yi daidai. In tafin ya ɓace tun a wuyan hannu, a canja ruwa.

Da za ta tafi Yaya ya sara mata rake daga na bakin shinge, ya ɗaure mata a bayan moto da kansa.

Kwana biyun nan sun yi mini tsawo. Washegari muka tsame huɗu, kashegarinsa ɗaya. Kowace safiya Yaya yana riƙe da tiyo yana yi musu yayyafi. Ni kuma na rasa abin yi da hannuna, sai in ta zagaya kududdufin. Har Yaya ya ce in je in cire ciyawa a albasa, kallona ma yana damun kifin.

Rana ta biyu da yamma maiɗakina ta sauka daga taksi da ƙaramin injin niƙa nama a cikin buhu, wanda ba ta fitowa da shi sai da babbar salla. Ta ce ɗalibar nan tawa ta biya ta gida ta faɗa mata yadda ake yi. Ta tankaɗe koren garin da rariya, yashin da ya fita ya kai cikin hannu. Ta dama kunun rogo, ta kwaɓa da dusa da tunkuza da garin kifi, ta riƙa turawa a injin yana fitowa kamar taliya mai kauri. Muka shanya a tabarma ƙarƙashin inuwa, da ya bushe muka farfasa ƙanana.

Rana ta uku ba mu tarar da matacce ba, kuma babu ko ɗaya a sama. Muka jira hantsi. Mu uku muka tsaya a kusurwar gabas, na ɗebi ɗan kaɗan na watsa. Ƙwayoyin suka tsaya a saman ruwa. Babu motsi. Na dubi Yaya, shi yana duban ruwan. Na fara cewa a raina ko duk sun mutu a ƙasa ne ba su taso ba. Can sai wani ƙarami ya zo ya cafki ƙwaya ɗaya ya juya. Kafin in ƙifta ido kusurwar ta ɗauki tafasa, ruwa yana fantsamo mana a ƙafa.

Maiɗakina ta rangaɗa guɗa a tsakiyar garka, har masu ban ruwa na maƙwabta suka ɗago kai. Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya miƙo hannu ya karɓe kwanon daga hannuna, domin ya ga na sake cika tafi.

Daga ranar muka bi abin da ke cikin kaye. Ba koyaushe ya zo da sauƙi ba. Wata rana da tsakar rana mai garinmu ya shigo da baƙinsa biyu daga Magariya, ya ce, "Mushe, a watsa musu mu gani, na ba su labari." Dattijo ne, abokin mahaifinmu, ban taɓa ce masa a'a ba. Na yi ta murza hula. Daga ƙarshe na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara. Sun ci na hantsi, sai bayan la'asar." Ya dube ni, ya dubi baƙin, ya fashe da dariya. Ya ce to a shimfiɗa musu tabarma, su ma za su bi dokar kifi. Suka zauna suna shan rake har muka yi la'asar tare, sannan suka ga abin da suka zo gani.

Awon koren garin kuwa Yaya ne ya karɓe shi. Mutumin da ya ce ba ya ba dabba abin da bai sani ba, shi ya koma mai riƙe cokali, ya cika ya share bakinsa da yatsa, kuma bai yarda in taɓa ba. Duk sati biyu mukan kamo goma mu ɗora a balas ɗin mai sayen albasa mu auna nauyinsu, in rubuta, in sun ƙaru mu ɗan ƙara abinci. Da damina ta kankama, akwai ranakun da sau ɗaya kawai muka ba su, akwai ranar da muka fasa gaba ɗaya. Sau ɗaya na sake tarar da su a sama da safe, amma wannan karon na san me nake gani. Na tada inji, na aje kwano, kafin hantsi sun koma.

Ba zan ce ga rabon koren garin ga rabon lokaci a girmansu ba, domin tare muka fara su. Abin da na gani shi ne jikinsu ya yi sheƙi, suna da kuzari, kuma bayan makon nan ba mu ƙara tsame matacce ba sai jefi-jefi.

Bayan an gama yankan hatsi muka rage ruwa muka ja taru. Maƙwabta suka shiga da wandunansu a naɗe, ana ta ihu, laka har gira. Da yawa cikin kifayen sun cika tafin hannun babban mutum har da ɗori. Mata suka zo da kwanoni daga ƙauye, wani mai tuya ya zo daga Waca da kwanduna biyu. Muka ware na mai gari, da na maƙwabtan da suka yi mana gayya, da wani kwando na musamman da maiɗakina ta ce ita za ta banda ta kai wa ɗalibata da hannunta.

A nan cikin garka ta hura wuta ta soya mana shida da yaji da albasa. Yaya ba shi da sauran haƙora da yawa, ya ci a hankali yana zare ƙaya yana jerawa a bakin kwano. Da ya gama na biyu ya ce a miƙo masa na uku. Ni na ci ɗaya da rabi, na sha ruwa, na jingina da gindin mangwaro wai in ɗan huta. Barci ya kwashe ni, irin wanda na daɗe ban yi ba, takalmi a ƙafa, laka ta bushe a ƙaurina. Sai ji na yi Yaya yana taɓa kafaɗata yana cewa in tashi in yi alwala, rana ta yi sanyi.